Yadda Iya Kande Ta Kashe Injin Jibo da Gaisuwa

Gyaɗar Iya Kande ta kwana huɗu a kife a gona, 'ya'yanta na kallon rana, amma ba ta gama bushewa ba. Kullum da safe sai tsohuwar ta taka zuwa bayan garin Yammedi, ta tsinki ƙwaya ɗaya ta kaɗa a gefen kunnenta. Gyaɗa in ta bushe za ka ji 'yar cikin tana ƙwal-ƙwal a cikin ɓawo. Tata kuwa sai ɗan motsi kaɗan. Ranar Alhamis ɗin nan ta ƙiyasta saura kwana uku, in dai rana ta ci gaba da yi.

To, ba kowace gyaɗa ba ce wannan. Wata ja ce 'yar ƙarama mai yawan mai, wadda ta gada a wurin mahaifiyarta, kuma duk garin babu mai irinta sai ita. Daga ita take yin mai da ƙuli-ƙuli, daga ita take ware irin baɗi. In ruwa ya same ta a kwance a ƙasa, za ta yi baƙi, wata ma ta tsira. In kuma aka kwashe ta da sauran ɗanyantaka aka tara a ɗaki, fumfuna ta cinye. Maza a bakin masallaci sun gama yanke hukunci cewa damina ta yi sallama, sati biyu ke nan ko ɗigo babu. Ita dai Iya Kande, zafin da ake yi bai yi mata kama da na kaka ba.

Da yammacin ranar ne jikanta Lukumanu ya iso daga Rogo a kan babur. Mai gyaran waya ne a bakin kasuwa, ya kusa shekara talatin, ya rufe shago kwana uku don ya taya ta kwasar gyaɗa. Ya sauke jaka, ya sauke wasu siraran ƙarafa biyu da doguwar gora.

"Sannu da zuwa mai gidan," in ji ta. "Mazan mutane suna shigowa da tsire, kai kullum da tarkace."

"Amarya, wannan tarkacen ya fi tsire. Bari in huta ki ga abin mamaki."

Ba ta bar shi ya huta ba. Ita Iya Kande in ta ga abin da ba ta sani ba, tuwo ma ba ya shiga sai ta ji kansa. Yana gama shan fura ta ja kujera 'yar tsuguno ta zauna kusa da shi. Ya buɗe kwamfutarsa ta hannu, ya fito da wani ɗan abu mai ruwan azurfa, bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, ya soka a gefenta. Ya ɗaura masa waya zuwa ƙarafan nan.

"Rediyo ce," ya ce.

"Ina wurin murɗawa? Ina inda magana ke fita?"

"Ba ta da ko ɗaya. Ita aikinta ta kamo abin da ke yawo a iska ta miƙa wa kwamfuta. Kwamfutar ce ke zama kowace irin rediyo na ga dama."

A fuskar kwamfutar wani shuɗin abu ya fara gangarowa kamar ruwa daga indararo, da ratsi-ratsi ja da rawaya a jikinsa. Lukumanu ya ce kowane ratsi wani ne ke magana a wani wuri. Ya taɓa ɗaya, sai ga mai sanarwar ɗaurin aure daga wata tasha a Kano. Ya matsa can gaba, ya jira, ya jira, sai wata murya ta namiji ta fito a gurguje da Turanci, ta ɗauke.

"Direban jirgin sama ne, yana magana da filin jirgi."

Iya Kande ta ɗaga kai ta dubi sama, babu komai sai shirwa ɗaya. Ta gyara mayafi.

"To gaishe shi mana. Ka ce Allah Ya sauke su lafiya."

"Ba zai ji ba. Abin nan kunne kawai gare shi, ba shi da baki."

"Da ma kai ne haka," in ji ta. Sai ta rage murya. "To maganar waya fa? In Sadiƙa ta maƙwabta tana waya da ɗiyarta ta Zariya, za ka ji?"

"Iya! Ashe abin da kike so ke nan."

"Tambaya na yi."

"Ba ya ji. Maganar waya a kulle take tafiya. Sai dai in ga ratsinta, amma ko kalma ɗaya ba zan ji ba."

Ta ce madalla, haka ya fi, ko da yake fuskarta ba ta nuna ta ji daɗin amsar sosai ba.

Sannan ya gaya mata ainihin abin da ya sa ya ɗauko kayan. Akwai wani tauraron ɗan'adam mai duba yanayi, yana ratsowa ta samanmu da hantsi, daga arewa ya nufi kudu. Yana tafe yana ɗaukar hoton ƙasa yana watsowa, duk mai kunnen da ya dace zai iya kamawa. Minti goma sha biyu yake yi ya ɓace. A Rogo ya gwada ya gaji, janaretoci da cajar waya sun cika kasuwa da hayaniyar da kunne ba ya ji amma na'urar tana ji. Shi ya sa ya ce bari ya gwada a ƙauye inda babu kowa.

Iya Kande ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"Hoton ƙasa. Har da girgije?"

"Girgije ma ya fi fita."

"Ko wanda bai iso ba? Wanda yake can bayan Kano?"

"Har wanda yake Chadi."

Ko da gari ya waye ranar Juma'a ta riga shi fitowa tsakar gida.

Ya ɗaura ƙarafan biyu a kan gora, a buɗe kamar ƙahon sa, ya kafa gorar a tsakiyar fili nesa da kwanon ɗaki. Ya duba wayarsa ya ce saura minti biyar, saura biyu, ga shi nan ya fito. Wani ratsi mai faɗi ya bayyana a cikin shuɗin nan, dishi-dishi. Ƙarar da ke fita kuwa ba magana ba ce, wani shuuu ne kamar ana zuba gero a buhu. Sai dai a cikin shuuu ɗin akwai wani tas-tas-tas da bai tsaya ba, kuma duk sanda ya yi sai wani farin layi ya gitta fuskar kwamfutar.

Da lokacin ya cika, hoton da ya fito ba shi da kai ba shi da gindi. Baƙi ne da 'yan faci-faci, kamar zanen da gara ta ci.

Lukumanu ya dafe kai. Ya duba waya, ya duba ƙarafa, ya ce ko tsayin gorar ne, ko na'urar ce ta yi zafi. Iya Kande dai ta karkata kai, kunne ɗaya wajen kwamfuta, ɗaya wajen katanga.

"Mai gidan, ƙara muryar abin nan."

Ya ƙara. Tauraro ya wuce, amma tas-tas-tas yana nan.

"Wannan ai injin Jibo ne."

"Wane inji?"

"Injin markaɗe mana, ga shi nan bayan gidan Sadiƙa. Shekara nawa ina kai masa gyaɗa? Saurara. In ya zuba wake ya ja numfashi, naka ma sai ya ja."

Suka kasa kunne. Can injin ya yi nishi ya sassauta, na cikin kwamfuta ma ya sassauta. Lukumanu ya buɗe baki yana kallon kakarsa. Ya ce wallahi gaskiyarta, injin fetur ne, fulogin cikinsa duk tartsatsin da ya yi sai ya watsu a iska, na'urar kuma ba ta san ta ware wannan daga wancan ba. Muryar tauraron daga nesa take, siririya ce, injin kuwa yana bakin kunnenta.

Ya tashi ya tafi wurin Jibo. Bai daɗe ba ya dawo yana sosa ƙeya. Hantsi shi ne lokacin cinikin Jibo, mata da robobinsu a jere, mai wake, mai tattasai, mai gyaɗa. Da Lukumanu ya yi masa bayani, dariya ya yi har da riƙe ciki. Wai ya kashe inji don tauraro zai wuce da rana tsaka? Ya ce a gaida Iya, kuma a nema wa Lukumanu mata, zaman kaɗaici ya fara taɓa shi.

"Gobe ƙarfe nawa zai dawo?" in ji Iya Kande.

"Tara da minti arba'in."

"Minti goma sha biyu ka ce?"

"E."

"To kai ka ji da ƙarafanka. In ya fito ka yi mini filashin, in ya wuce ka sake yi."

Ranar Asabar ta fara zuwa gona. Ta kaɗa ƙwaya, ta ji ta fara amsawa amma ba ta saki sosai ba. Yini ɗaya cur take nema. Sama kuwa tas, ko ɗan farin girgije babu. Ta dawo ta yi wanka, ta ɗaura zanen unguwa, ta ɗauki carbi, ta ƙulle 'yar wayarta a bakin mayafi. Tana isa kwanar gidan Sadiƙa wayar ta yi ƙara sau ɗaya ta ɗauke.

Kun san dai ba a gaida babba a cikin rurin inji. Jibo yana hango ta, ba kwano a hannunta, ga kuma shigar unguwa, ya san gaisuwa ce ta musamman. Ya kashe inji, ya goge hannu a riga, ya durƙusa.

"Iya, ina kwana? Da kin aiko ai da na zo."

"Lafiya lau Jibo. Ka tashi lafiya? Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya aiki? Ya jama'a? Ya muka ji da zafin nan?"

"Alhamdu lillahi, Iya."

Ta tambayi mahaifiyarsa da ciwon ƙafarta, ta tsaya ta ji wane magani ake shafa mata, ta ba da nata shawarar. Ta tambayi matarsa Jamilatu. Ta bi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, su biyar, har da wadda aka yaye. Ta juya kan matan da ke layi, kowace ta gaishe ta ta tambayi mutanen gidanta, su kuma dole su amsa. Ta dawo kan Jibo ta tambayi gonarsa, ya ce gyaɗarsa ma tana kife, sai jibi zai kwashe.

Gaisuwa dai komai tsawonta tana da iyaka. Wata mai wake ta fara duban rana tana cewa alalenta zai makara. Jibo ya ce, "To Iya, na gode ƙwarai, a gaida gida," ya miƙe ya naɗa igiya ya ja. Inji ya yi tari ya kama.

Wayar Iya Kande kuwa ba ta yi ƙara ta biyu ba. Ta ɗaga hannu sama.

"Af! Jibo! Ka ga tsufa. Abin da ya kawo ni ma ban faɗa ba. Ya haƙurin kawunka Malam Abdulsalami na Unguwar Hajji?"

Jibo ya yi sauri ya kashe, ya koma ya durƙusa.

"Haƙuri sai ma'abucinsa, Iya. Ai kin zo ranar uku, kin zo ranar bakwai."

"Daren jiya ya faɗo mini a rai. Mutumin kirki. Addu'a kuma ba ta yawa."

Wannan kam ba ƙarya ta yi ba, ta san marigayin tun suna yara. Ta buɗe hannu, kowa ya buɗe, har mai waken. Ta roƙa masa gafara, ta roƙa wa iyayen kowa da ke wurin, da kakanni, da waɗanda suka rasu ba a san su ba. Ta roƙi lafiya, ta roƙi albarkar amfanin gona. Tana cikin roƙon zaman lafiyar ƙasa ta ji wayar ta motsa a bakin mayafi. Ta shafa.

"To Jibo, kar in tsayar da kai, ga mutane na jira."

Ta koma gida da sauri irin wanda rabonta da shi an jima. Lukumanu yana tsugune gaban kwamfuta ya lulluɓa kansa da ɗankwalinta don hasken rana. Ta cusa kai ciki ita ma.

Ba ta taɓa ganin abu irin wannan ba. Daga sama ƙasa ce ja-ja, fayau, ya ce hamada ce, wajen Agadas. Tana gangarowa tana yin duhu, har can ƙasa inda ya ce teku ne, farin girgije ya rufe shi kamar audugar da aka shanya. A tsakiya kuwa wani siririn baƙin layi ya raba hoton gida biyu.

"Wannan fa?"

"Sanda Jibo ya ja igiya ke nan."

"Ina Yammedi?"

Ya yi dariya. Ya ƙara girman hoton, ya nuna mata wani ɗigo baƙi, bai kai ƙwayar riɗi ba, dab da ƙarƙashin layin.

"Kin ga wannan? Dam ɗin Challawa ne gaba ɗayansa. Mu muna nan gefensa. Garinmu ba zai fita ba, balle gonarki."

Ta daɗe tana kallon ɗigon. Ruwan da ake shiga da kwalekwale, ga shi ƙuda ma ya fi shi. Ta ce ikon Allah a hankali. Sai idonta ya tafi hannun dama, inda wani farin dunƙule yake zaune, mai kauri, zagayayye kamar curin fura, baƙin layin ya ratsa ta cikinsa.

"Wannan gabas ne?"

"Gabas ne. Wajen Azare zuwa Potiskum."

"Hadari ne?"

"Hadari ne, babba ma."

"Zai zo nan?"

Lukumanu ya cire ɗankwalin daga kansa. Wasa ya bar fuskarsa.

"Iya, ban sani ba. Hoto ɗaya ne, na abin da ke akwai ɗazu. Bai faɗi inda zai nufa ba. Zai iya zuwa, zai iya zamewa kudu, zai iya watsewa a hanya kafin azahar. Tauraron kuma ba zai dawo ta nan ba sai bayan isha. In na ce miki na sani, na yi ƙarya."

"Duk tarkacen nan, ba ka sani ba."

"Ya nuna miki abin da ido ba ya kai wa. Sauran ke kika fi shi sani."

Ta zauna a kan turmi tana juya carbi. Tun tana yarinya ba ta taɓa ganin hadarin kirki ya taso daga yamma ba, kullum daga gabas yake zuwa. Gyaɗar kuma yini ɗaya ya rage mata. In an baza ta siriri a zaure da rumfa ana juyawa, wataƙila a yi asarar kaɗan. In ruwa ya same ta a gona, babu iri baɗi. Ta miƙe.

"Tashi ka kira mini Sulle mai amalanke ya kawo amalankensa. Ka biya ka gaya wa Jibo abin da muka gani, tasa ma tana waje."

Aka yi ta jigila har bayan azahar, rana na dukan kowa. Sama ko alama babu. Masu wucewa suna tsayawa suna tambaya ko lafiya, Sulle yana ba su amsa cewa Iya ce ta ga ruwa a talabijin. Sadiƙa ta leƙo ta katanga ta ce, "Iya Kande, ɗanyar gyaɗa kike shigarwa ɗaki? Yaran zamani za su sa ki asara." Jibo ya aiko cewa ya gode, in ya tashi daga aiki zai duba.

Aka yi la'asar, shiru. Zaure ya cika da gyaɗa, rumfa ta cika, har ƙarƙashin gadonta. Iya Kande tana bi tana juyawa da hannu, tana jin ɗan sanyin da ya rage a jikin ɓawon, ba ta kallon kowa. Lukumanu ya rasa inda zai sa kansa, ya koma yana naɗe wayoyinsa.

Rana ta yi ja, awaki sun fara shigowa gida, sai ganyen darbejiyar ƙofar gida ya juya. Wata iska mai sanyi ta shigo ta kwashe faifai daga kan tukunya. Iya Kande ta fito ta dubi gabas. Ya haɗe baƙi ƙirin tun daga ƙasa.

Kafin a kira magariba ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ta tsaya a bakin zaure tana jin ƙarar kwano, tana jin ihun mutane da gudun amalanke a cikin taɓo. Ta duƙa ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta kaɗa a kunne. Ta mayar da ita cikin 'yan'uwanta.

Da safe rana ta fito, aka share tsakar gida aka shimfiɗa tabarmi aka fito da gyaɗar ta ƙarasa shan rana. Lukumanu yana ɗaure jakarsa a babur zai koma Rogo.

"Ina za ka da gorar?"

"Gida mana, amarya. Aiki ya ƙare."

"Ba ka so ka ga inda hadarin ya tafi? Ni ina so. Ko ya kai Sakkwato, ko ya mutu a hanya. Kuma ko akwai ƙaninsa a baya."

Ya dube ta, ya sauke jakar. Ya duba waya ya ce yau tara da kwata ne.

Ta yafa mayafi ta ɗauki carbi. A hanya tana ta lissafin wanda ba ta tambaya ba jiya, da wanda ya yi tafiya, da wadda ta haihu. Tana shan kwanar gidan Sadiƙa ta ji injin ya mutu da kansa. Jibo yana tsaye, idonsa ja, taɓo har gwiwar wandonsa. Rabin gyaɗarsa kawai ya samu ya kwashe.

"Iya, ina kwana," ya ce. "Ba sai kin tayar da kawuna ba yau. Minti nawa ne?"

"Goma sha biyu."

Ya juya ga matan da ke layi. "Ku ajiye robobinku, ba mai taɓawa." Ya goge hannu a riga ya bi bayanta, mai waken ma ta biyo su.